Ƙarfe Nawa, Alhaji?

Da zarar an sa hatsi a rumbu, samarin Tondikandiya sai su ɗaure kaya su nufi bida: wasu Kwatano, wasu Lome, wasu Abijan, wasu Kumasi, hanyar da kakanninsu suka bi tun zamanin Turawa. In hadari ya fara haɗuwa a gabas sai a ga sun dawo. Wani ya zo da kuɗin aure, wani da babur, wani da bashi kawai. Amma akwai abu ɗaya da ba a dawowa babu shi, wato agogo. Kuma ba kowane agogo ba, sai wanda ya kai murfin tukunya, mai ruwan zinariya, mai ƙananan allurai uku a ciki waɗanda tun da aka ƙera su ba su taɓa motsi ba, don manna su aka yi.

To, Allah bai yi mu da kaurin hannu ba. Mutanen Dallol Boso ne mu, ga tsawo ga siranta, noma da tafiyar ƙasa ba su bar mana tsokar ajiya ba. Wanda ya ƙera agogon nan kuwa, wani ƙato mai cin nama sau uku a rana ya sa a ransa. Sai ka ga saurayi ya ɗaura, agogon ya zarce wuyan hannun ta nan ya zarce ta can. In ya ɗaga hannu zai gaisa, agogo ya gangara gwiwar hannu. In ya sauke, agogo ya dawo ya zauna bayan tafi. Shi ya sa yake tafiya hannu a lanƙwashe, ka ɗauka targaɗe ne ka yi masa sannu, ashe gadin agogo yake yi.

Wanda bai samu zuwa kurmi ba, kasuwar Balayara ta ran Lahadi ta ishe shi. Mai agogo na nan da ɗan teburinsa, ya san mutanensa sarai. Ba ruwansa da kaurin hannunka, aljihunka da jin kanka yake aunawa. Kowa a wurinsa Alhaji ne, ko da Yamai ce iyakar tafiyarsa.

"Alhaji, ga naka nan, na manya ne."

"Anya bai yi mini yawa ba?"

"Haba Alhaji! Ai kai za ka cika shi. Bana in damina ta yi kyau, ƙiba za ka yi."

Sai mai saye ya hango wani ɗan madaidaici a gefe, wanda da ya gwada da ya zauna masa cif.

"Wancan fa?"

"Wancan? In Hajiya za ka kai wa tsaraba, sai in rage maka."

Shi ke nan, an gama da shi. Namijin Dallol Boso ya yarda ya kwana da yunwa, amma bai yarda a ce a fada an gan shi da agogon mata ba. Ciniki ya tashi daga jika goma sha biyar ya sauka jika huɗu, mai agogo na rantsuwa faɗuwa ya yi, mai saye na murna ya cuci ɗan kasuwa. A fuskar agogon ga sunan wani babban kamfanin Suwizalan, sai dai harafi ɗaya ya ɓace a hanya. Ruwan zinariyar kuwa gumin bazara ɗaya yake jira, ya koma kore a fatar mai shi.

Abin dariyar, manyan da ake kwaikwayo ba ƙaton agogo suke ɗaurawa ba. Rolex Datejust, wanda aka fito da shi a 1945, faɗinsa milimita 36 ne, kuma na maza ne. Seiko 5, wanda ya fito a 1963, wanda iyayenmu alhazan gaske suka riƙa zuwa da shi daga Makka, da yawansa ba su wuce milimita 37 ba, kuma ko batir ba ya ci, motsin hannu ke ba shi rai. Ga Casio F-91W, ɗan baƙin nan na roba da ya fito a 1989: faɗinsa wajen milimita 35, nauyinsa giram 21, batirinsa kan kai shekara 7, yana da fitila, yana tada mutum sallar Asuba, maɗaurinsa na da huji har na hannun ɗan lakkol. Laifinsa ɗaya ne, ba ya ƙyalli. In ka ɗaura shi ba mai ce maka "ranka ya daɗe", sai dai a tambaye ka lokaci, kuma wa ya sayi agogo don a tambaye shi lokaci?

Gwada ka gani. Samu mai ƙaton agogo a tashar Damana ka ce, "Alhaji, ƙarfe nawa?" Da fari zai karkaɗa hannu agogon ya juyo, don fuskarsa ta riga ta koma ƙasan hannu. Ya kalle shi, ya murtuke, ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce. Daga nan ya sa hannu aljihu ya zaro salula ya faɗa maka. Batirin agogon ya mutu tun Sallar Layya, allura na tsaye kan huɗu saura kwata, kuma ba ta da niyyar tashi.

Akwai kuma masu dabara, waɗanda nasu ke aiki amma suka ƙi gyara shi. Abijan da Lome da Kumasi suna bayan Nijar da awa ɗaya, Makka tana gabanmu da awa biyu. Saboda haka in ka tambaye shi sai ya ce, "Ƙarfe tara... af, yi haƙuri, wannan lokacin Abijan ne." Kai lokaci ka tambaya, shi labarin tafiya ya ba ka. Alhajin da ya sauka bara ma har yau agogonsa na Makka, kullum sai ya yi lissafin ragi kafin ya amsa. Ƴan Kwatano ne abin tausayi, lokacinsu ɗaya da namu, ba su da abin nunawa.

Kuma me za mu yi da minti da daƙiƙa? Suna bayan Asuba ne, ɗaurin aure bayan Azahar, zance bayan Isha'i, mota kuma tana tashi in ta cika. Taron da aka kira ƙarfe tara a biro, wanda ya zo ƙarfe tara shi zai share kujeru. Mai babban agogo shi ke zuwa ƙarshe, ya shigo yana duba hannu yana girgiza kai, kamar wani ne ya makarar da shi. Alhali ƙasar nan ce ta haifi Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Shi ma siriri ne kamar mu, amma har yau tsofaffin ma'aikata na tuna yadda yake faɗo wa ofisoshi ba sanarwa, a ga wanda ya zo aiki da wanda ke gida yana barci. A zamaninsa duba agogo ake yi. Yanzu nuna shi ake yi.

Wani zai ce, to ai sai a rage maɗaurin. Gaskiya ne, mai gyaran agogo na iya cire gaɓa biyu ko uku cikin ɗan lokaci. Amma a nan ake rigima, don agogon ba na mutum ɗaya ba ne. Na fada ne. Yau yana hannun mai zuwa zance Bankuku, gobe yana hannun ango, jibi mai ɗaukar hoto ya ara wa abokin ango. Akwai agogon da ya halarci aure fiye da liman. In ka rage shi daidai hannunka, ƙaton fadarku ya shiga uku, kai kuma ka zama marowaci. Sannan a yi adalci, sakwakkwen agogo na da amfani ɗaya: wajen alwala ba sai an cire shi ba, tura shi kawai ake yi sama ya ba ruwa hanya. Sai dai in ya sha ruwan, rubutun da ke bayansa mai cewa ba ya jin ruwa shi ne zai fara tsatsa. Ban da ranar da ya zame ya leƙa miyar kuka a gidan surukai, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Kai mai siririn hannu, ɗan'uwana, abin ba wuya. Samu zare ka zagaya wuyan hannunka, ka kai wa tela ya ɗora a kan tef ɗinsa. In bai kai santimita 17 ba, nemi agogo mai faɗin milimita 34 zuwa 38, ka bar na 45 ga ƴan kokawa. Ɗora shi a hannu kafin ka biya: kunnuwan da ke riƙe maɗauri kada su leƙo waje, kuma in ka ɗaure, ƙaramin yatsanka kawai ya iya shiga ƙarƙashi. In na ƙarfe ne, a cire gaɓoɓin ta ɓangare biyu don makullin ya zauna tsakiya. In na roba ne ko na fata, a ƙara huji, ba abin kunya ba ne. Danna kowane maɓalli a gaban mai shi, allurar da ba ta motsa ba kada ka biya kuɗinta. In kuma ya ce maka na Hajiya ne, ka ce masa ka ji, ya naɗe maka shi.