Ranar da Bushiya Ta Dunƙule

Ga ta nan, ga ta nanku.

A bakin madatsar ruwa ta Challawa, can ƙasar Karaye, dabbobi ma suna da nasu noman rani. Tun da aka gama dam ɗin a 1992, namun dawa suka ga abin da 'yan Adam ke samu a tumatir da albasa da masara, su ma suka ja kunya suka shiga. Zaki, da yake shi ne hukuma, ya gina sito a kan tudu don ajiye takin zamani, kamfa da yuriya. Ya naɗa Kura shugabar rabo, Gizo masinja, Bushiya kuma aka rataya mata makulli a wuya. Zomo ne yaronta, shi ke ƙirga buhu yana zana wa bango layi da gawayi.

Kada ku tambaye ni yadda aka yi Kura ta zama shugabar rabo. A daji ma akwai sanayya.

Bushiya ba ta da fara'a, ba ta iya gaisuwar neman suna ba, amma tana da doka guda: buhu ba ya fita sai da takarda. Akwai wata doguwar ƙusa a jikin bango inda ake soke takardun fitar da kaya. Da ta lura wasu takardun suna kwana a ƙusa amma ba sa wayar gari a can, sai ta daina yarda da bango. Duk takardar da ta shigo bayan magariba, a ƙayar bayanta take soke ta, ta tura ta ciki sosai inda ido ba ya kaiwa.

Bayan isha'i Kura kan zo, Gizo na biye da amalanke.

"Ƙanwata, a fitar da buhu biyar. Na manya ne."

"Ranki ya daɗe, a dangwala min hannu."

Sai Kura ta yi dariyar nan tata, ta tsoma dagi a tawada ta dangwala. A zatonta takardar ƙusa za ta je, kuma ta san Gizo ya san hanyar ƙusa.

Ana nan, ana nan, sai labari ya zo cewa masu binciken kaya suna tafe, ga shi buhu sittin ba su da madafa. A daren nan littafin sito ya ɓace, aka ce gara ta cinye. Bangon Zomo kuma aka wayi gari an shafe shi da farar ƙasa, wai ana gyara saboda baƙi. Gizo ya zauna ya tsara takardar ƙorafi da hannun hagu, ya sa mata suna wai daga masu kishin manoma, ya kai wa Zaki da kansa yana share hawaye.

"Yanka ya daɗe, ni ban sho in faɗa ba. Amma kowa ya shan makuyyi guda ne."

Zaki ba azzalumi ba ne, sai dai ba ya son abin da zai hana shi barcin rana. Ya ce a dakatar da mai makulli, a kafa kwamiti. Da aka zo neman wanda zai shugabanci kwamitin, aka ce ai babu wanda ya san sito ciki da waje kamar Kura.

Da hantsi aka kawo wa Bushiya takardu biyu a gaban 'yan dako. Ɗaya ta ce ta yi bayani a rubuce cikin awa 48, ɗayar ta ce kada a sake ganin ƙafarta a sito, kuma daga yau rabin albashi. Gizo ya fizgi igiyar makullin daga wuyanta, igiyar ta sarƙe a ƙaya, sai da ya tsinka ta da haƙori. 'Yan dakon da take raba wa goro kullum suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa.

Kun san halin Bushiya in an taɓa ta. Ta koma gida ta shiga ƙuryar ɗaki ta dunƙule. Awa 48 ta wuce tana dunƙule. Nan fa ta cuci kanta, don kwamiti ya rubuta cewa an tambaye ta ta kasa amsawa, bai kuma sake aika mata ba. A waje kuwa magana ta riga ta zaga gari. Hankaka ya ce ruwa ba ya tsami banza. Balbela, wadda ba ta taɓa shiga siton ba, ta rantse ta ga Bushiya da sabon zane. Mai shago ya rufe mata littafin bashi. 'Yan adashi suka tsallake ɗaukarta suka bai wa ta bayanta, wai sai ƙura ta lafa. Aka yi suna a maƙwabta, aka raba goro gida-gida, aka wuce ƙofarta.

Sai ga Dila, malamin daji, da wata takarda a naɗe cikin hula.

"'Yar uwa, ni sulhu na zo yi. Layi biyu ne kawai: na yi kuskure, a yafe min. Ki dangwala, gobe ki koma bakin aikinki. Manya ba sa son taurin kai, ban-haƙuri suke so."

Ya yi lallashi har la'asar. Zan so in ce wayo ne ya hana ta, amma gaskiya hannun ne ba ta iya fitarwa ba, don kunya ta riga ta naɗe ta. Dila ya gaji ya wuce wurin Zomo. Shi kuwa Zomo, ga mata ga 'ya'ya takwas, bai ko karanta ba ya dangwala. Kwana uku aka kira shi aka karanta masa takardarsa, aka ce tunda ya amsa laifi da kansa, aiki ya ƙare. A ambulan guda aka haɗo da ta Bushiya: an kore su duka, babu sisin sallama.

Zaman Karaye ya gagare ta. Ta ɗaure 'yan komatsanta ta bi hanyar Rogo wurin dangin uwarta, ta kama aikin ɓare rake a gonar wani Gwanki. A can, gindin wata tsamiya, ta gamu da Kunkuru, wanda ya tsufa yana magatakarda a kotu kafin ya yi ritaya. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"'Yata, kwamitin ya kira ki kin zauna a gabansa?"

"A'a, Baba."

"Wa ya shugabance shi?"

"Kura."

"Kin sa hannu a wani abu?"

"Ban sa ba."

"To juyo min bayanki. Tun ɗazu nake jin wani abu yana ƙara in kin motsa."

Da tsinke ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya, takardu goma sha biyu, sun yi jawur da ƙura, kowace da dagin Kura ɓaro-ɓaro. Bushiya ta zabura za ta kai wa Zaki a ranar. Kunkuru ya dafe su da ƙafa.

"Na asali ba sa barin hannunki. Fotokwafi ake kaiwa, kuma wanda ya karɓa ya buga hatimi a kwafinki, ya sa kwanan wata. Magana ta baka iska ce a ofis."

Ya gyara zama ya ci gaba. Ya ce sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar a ji ta bakinsa kafin a yanke masa hukunci. Ya ba ta labarin ɗaliban Jami'ar Maiduguri da aka kora bayan wata tarzoma, Kotun Ƙoli ta soke korar a 1986, ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda ya shugabanci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ya ce da a gonar wani take aiki, kotu ba ta cika tilasta wa mai gida ya mayar da wanda ba ya so ba, sai dai a biya diyya. Amma nata aikin na hukuma ne da doka ta tsara yadda ake ɗauka da yadda ake kora, in an tsallake matakala ana iya rushe korar baki ɗaya. Wurin zuwa kuwa shi ne Kotun Ma'aikata, kuma tana zama a Kano.

"Sai dai ki ɗaura ɗamara. Malaman Jami'ar Ilorin su 49 da aka kora a 2001, sai 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Ni da kike gani na fi shari'a sauri."

Haka kuwa aka yi. A 2019 ta shigar da ƙara, shekarar da Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. Kuɗin ɓarar rake ya riƙa ƙarewa a mota da lauya. Yau lauyan Kura ba shi da lafiya, gobe fayil ya ɓata, jibi an tafi hutu. Wata rana a Yulin 2021 tana cikin mota ta ji a rediyo cewa Majalisar Dokokin Kano ta dakatar da Muhuyi Magaji Rimingado, shugaban hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar. Ta ce a ranta, yau mai karɓar kuka shi ma sai ya nemi inda zai kai nasa. Shi ma Kotun Ma'aikata ya nufa, a Yunin 2023 aka mayar da shi kujerarsa. Ita tana nan tana sintiri. A 2024 aka rushe masarautar, aka sake kafa ta mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, duk shari'ar buhu sittin ba ta ƙare ba.

Ranar da aka zo shaida, Kura ta ce ba daginta ba ne. Alƙali ya sa aka kawo tawada. Ta ce ai tana da rauni a ƙafa. Aka kira Gara, ta ce ita dai ta ci bangon littafin, amma ko da ta iso ta tarar an riga an yage cikinsa, kuma ba ta jin daɗin a riƙa ɗora mata abin da ba ta samu ba. Gizo da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya miƙe ba a kira shi ba ya ce shi ɗan aike ne kawai, dama ya daɗe yana zaygin Kuya.

Kotu ta ce korar ba ta bisa ƙa'ida, a mayar da Bushiya aikinta, a biya ta duk albashin da aka riƙe. Zomo ya so ya bi sahu, lauya ya duba takardar nan mai layi biyu ya girgiza kai, ya ce wannan sai an yi da gaske, kuma da gasken kuɗi ne.

Bushiya ta koma sito. An ba ta sabon makulli, amma bashin albashin kashi-kashi ake biya, har yau saura rabi. Zaki bai kira ta ya ce mata komai ba, sai dai in sun haɗu ya kan tambaye ta ya aiki. Kura an ɗauke ta daga rabon taki an mayar da ita rabon iri da maganin feshi. Gizo ya buɗe teburin rubuta ƙorafi a bakin kasuwa, yana karɓar kuɗi kafin aiki. In Bushiya ta wuce, yara har yanzu suna kiranta mai taki, iyayensu kuma ba sa tsawata musu. Zomo yana Rogo, yana tura baron rake a tasha.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.