Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam VPN

Zuwa ga Malam VPN,
Mai ɗan makulli a saman fuskar waya,
Duk ƙasar da takardar nan ta riske ka.

Na so in aiko maka da wannan a cikin ambulan, sai na rasa adireshin da zan rubuta, domin da hantsi a ce kana Holan, da azahar kana Kanada, kafin a kira magariba ka koma Jamus. Shi ya sa na ba 'yan jarida su buga, na san ba za a rasa mai karanta maka ba.

Labari ya iso mini cewa har yanzu kana yawo kana bugun ƙirji, wai kai ne gwarzon da ya ƙwato wa 'yan Najeriya 'yancin faɗin albarkacin bakinsu. To zauna mu yi lissafi, Malam, tun da sauran waɗanda aka yi abin a gabansu.

Zan fara da alherinka, kada a ce na yi butulci. Ranar 4 ga Yuni 2021 Ministan Yaɗa Labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya har sai abin da hali ya yi, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari da ke yi wa masu tayar da ƙayar baya a kudu maso gabas tuni da yaƙin basasa. A ina ma'aikatar ta saki sanarwar? A Twitter ɗin. Washegari kamfanonin waya suka toshe hanya. Kafin wannan rana, in ka cire 'yan kwamfuta da ma'aikatan wasu manyan kamfanoni, wa ya san da zamanka? Dare ɗaya kasuwarka ta buɗe.

Na ga abin da idona a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wani yaro a ƙarƙashin laima ya karɓi wayar wani dattijo mai jar dara, ya 'yan danne-danne, ya sauke ka, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, wace ƙasa za a kai ka?" Dattijo bai yi wata-wata ba ya ce Saudiyya. Yaro ya duba ya ce, "Baba, ba ta cikin na kyauta." Dattijo ya yi shiru, ya shafa gemu, ya ce to a kai shi Ingila, ya ga abin da Turawa suka ɓoye. Mutumin da ko hoton fasfo bai taɓa ɗauka ba, ga shi a Landan kafin ya gyara zaman hularsa.

Sana'ar taka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Irin ta masu baburan nan ce da ke bi da kaya ta ɓarauniyar hanya a dajin Jibiya ko Illela, su zagaye shingen kwastan. Ka zuba saƙon mutum a buhu ka ɗinke bakin, kamfanin waya yana ganin buhu ya wuce amma bai san inda aka nufa da abin da ke ciki ba, ka sauke shi a wata kwamfuta a Amsterdam, daga can ya shiga Twitter kamar haifaffen garin. Har ta kai mutanen waɗancan ƙasashe sun wayi gari sun tarar da jerin batutuwan da ake yayi a ƙasarsu cike da rigimar Abuja da Legas, suna tambayar juna wane ne wannan Lai ɗin.

Antoni Janar na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin a gurfanar da duk wanda aka kama yana shiga, lauyoyi suka ce a nuna musu dokar da majalisa ta yi a kan haka, aka yi ta kallon-kallo. Sai ga wani hoton fuskar waya da aka saka a shafinsa na Facebook don a nuna ya rufe Twitter ɗinsa, masu kaifin ido suka ce sun hango alamarka a can sama. Kai dai ka san fasinjojinka. Ita kuwa gwamnati ta kwashe ya-nata-ya-nata ta koma Koo, wata manhajar Indiya mai tambarin tsuntsu ruwan ɗorawa, ta zauna tana jiran 'yan ƙasa su biyo ta. Allah ya jiƙan Koo, a watan Yuli 2024 ya rufe shago. Bayan kwana 222, ranar 13 ga Janairu 2022, aka buɗe Twitter bisa sharaɗin ya yi rajista a ƙasar, ya naɗa wakili, ya biya haraji. A watan Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta ce tun farko toshewar ta saɓa doka. Duk wannan na yarda, ka yi rana.

To amma Malam, ina ka shiga a watan Satumba na 2021?

Lokacin Twitter yana wata uku a rufe, kana tsakiyar cin kasuwa. Ranar 3 ga wata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe duk ƙarafan sabis na jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, don sojoji su samu damar fatattakar 'yan bindiga kuma a raba su da infomominsu. Ba a jima ba abin ya haɗa da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da 14 na Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. Ba kira, ba tes, ba data. A ranar muka gane ashe babur ɗin naka sai a kan kwaltar gwamnati yake tafiya. Aka naɗe kwaltar, kai da ɗan makullin naka kuka yi tsuru-tsuru a cikin waya, kana ta juya ɗan da'irar nan kana neman haɗi har caji ya ƙare.

Ina da gwaggo a Gusau. Matar da ta saba aiko da saƙon murya na minti bakwai don ta tambayi lafiyar yara, sai ga takardarta ta iso ta hannun direban tasha, an yago ta daga littafin jikanta na makaranta, ga layin lissafinsa a baya, an ninke ta huɗu an ɗaure da zaren buhu. Layi biyar ne kacal. Suna lafiya, an yi rasuwa a maƙwabta tun makon jiya, kuɗin da aka tura mata suna banki amma mai POS ɗin unguwa ya naɗe laimarsa, a ba direban nan abin da ya samu ya kawo mata a hannu. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa don kawai su yi waya su juyo, sai Funtuwar ma ta faɗa cikin jerin na Katsina. Wasu suka koma hawan duwatsu suna ɗaga waya sama. Ƙauyen da aka shiga da dare kuwa, babu yadda za a yi a kira ɗauki, labarin ma sai wanda ya tsira ya kawo shi da ƙafa. Su kuma waɗanda aka yi abin dominsu, na kusa da iyaka suka riƙa kama sabis ɗin Nijar. Garin Gusau ya samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba.

Ba zan ce waɗanda suka kashe ba su da hujja ba. Mutane da yawa a Zamfara sun yi na'am da matakin da farko, don wanda ake sace wa 'ya'ya zai yarda da kowane magani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka tashi daga maganar. A kan Twitter, jakadun Amurka da Birtaniya da Kanada da Tarayyar Turai sun haɗu sun fitar da sanarwa, ƙungiyar SERAP da wasu sun garzaya kotu, jaridu sun yi ta ƙirga asarar kowace rana. A kan miliyoyin mutanen da aka yanke wa waya ɗungurungum, wa ya dawo ya tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa, ga wanda zai sa hannu in za a sake, ga iyakar kwanakin da ba za a wuce ba? Kuma ba farau ba ne, an yi wa Borno da Yobe da Adamawa haka a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci. Masu bakin magana a kan 'yancin intanet yawancinsu fasinjojinka ne, kuma inda babur ɗinka ba ya zuwa, muryarsu ma ba ta cika kaiwa ba.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana. A Nijar an yanke data kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021. A Kamaru yankunan masu magana da Ingilishi sun yi wata uku babu intanet a 2017. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, can kam ka ci kasuwa. Amma wanda ya fi burge ni wani lauya ne a Sudan, a watan Yuni 2019, da sojoji suka kashe intanet bayan sun tarwatsa zaman dirshan na Khartum. Mutumin nan ya maka kamfanin wayarsa a kotu, ya yi nasara, aka mayar da intanet, amma a layinsa shi kaɗai, tunda shi kaɗai ya shigar da ƙara. Bai haƙura ba ya koma kotu a madadin sauran jama'a. Takardar ƙara ta yi abin da kai ba ka iya ba.

Sai magana ta biyu, kuma a nan ina so ka dube ni da kyau. Ka ce kai na kyauta ne. Malam, wa ke saya maka mai? Na san ka ɓoye ni daga kamfanin waya, amma kai da ka ɗauko ni ka san kowace ƙofa na ƙwanƙwasa, da ƙarfe nawa, da daɗewar da na yi a ciki. Kada ka ce sharri nake yi wa danginku. Onavo ɗan gidanku ne, na kyauta, mallakar Facebook, yana cewa yana kare mutane alhali yana tattara wa ubangidansa bayanin manhajojin da suke amfani da su, har aka fitar da shi daga kantin Apple a 2018, a shekarar da ta biyo baya aka rufe shi. Hola ma ɗan gidanku ne, a 2015 aka gano yana sayar da hanyar intanet ɗin masu amfani da shi ga wasu, wato baƙo ya bi ta layinka ya yi abin da ya ga dama, in an biyo sawu a ƙofarka za a tsaya. Wannan ban da tallan da kake watso mini na maganin ƙiba da cacar ƙwallo, da zafin da wayata ke yi a aljihu, da ranar da manhajar bankina ta ƙi buɗewa saboda ta ga mai asusun da ya kwana a Kano ya tashi a Toronto.

Za ka ce ai gwamnatin ma ba ta fi ka riƙon amana ba. A nan bakina ya mutu. A Disamba 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, muka yi ta layi a rana ana tsakiyar korona, muka ba da yatsu goma da fuska, bisa alkawarin duk wanda ya kira ya nemi kuɗin fansa za a san ko wane ne. Har yau da waya ake cinikin fansa. A 2024 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wani shafi da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Su sun ce in miƙa sirrina don tsaro, kai ma ka ce in miƙa don tsaro, ni kuwa har yanzu ana kira na daga wata lamba a ce daga banki ne, in karanto lambobin bayan katina.

Abin da na lura da shi, kuma shi ya sa na ɗauki biro, shi ne kai da masu toshewar ba abokan gaba ba ne kamar yadda kake nunawa, cinikinku ɗaya. Da Yuganda ta sa harajin shilin 200 a kullum kan shiga shafukan sada zumunta a 2018, wa ya kwashi garaɓasa? Da Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo ƙudirin dokar soshiyal midiya a 2019, a daidai lokacin da ƙudirin Sanata Sabi Abdullahi na kalaman ƙiyayya ke ɗauke da hukuncin rataya, 'yan jarida da lauyoyi da ƙungiyoyi ne suka cika zauren sauraron ra'ayin jama'a a Maris 2020 suka yi ta musu har ƙudirin ya kwanta. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, mutane ne suka yi ta bin kotuna har aka yi masa gyara a 2024, ko da yake kamen bai tsaya ba. Ban ga ƙeyarka a ko ɗaya ba. Ina kyautata zaton kana gefe kana addu'ar a sa hannu.

Duk da haka ban goge ka ba, kuma ba zan goge ka ba, don zaɓen 2027 na tafe, ban san abin da wani zai rubuta a goge masa ba. Alfarma ɗaya nake nema kafin lokacin. Doguwar takardar nan ta sharuɗɗa da kake sa mu danna mun amince ba tare da mun karanta ba, ka sa a rubuto mana ita da Hausa, a shafi ɗaya: me kake ajiyewa a kaina, har tsawon wane lokaci, wa kake sayar wa, kuma in hukuma ta tambaye ka sunana me za ka ce mata. In ta iso zan kai wa yaron Farm Centre ya manna a jikin laimarsa, ya riƙa karanta wa dattawa kafin ya tambaye su ƙasar da za a kai su.

Ka gaida mutanen Amsterdam, ka ba su haƙuri a kan hayaniyar da muka kai musu.

Wassalam,
Naka, wani tsohon fasinja daga Kano.