Gwaggo da Binciken Kuturta

Mu nan Riko, kafin a kai kuɗin gaisuwa sai an tura wata gwaggo ta shaƙo labarin gidan yarinya, ko da a Ɗan Isa yake, tsallaken iyaka. Hauka take farauta, da sata, da kuturta. In ta jiyo cewa kakan yarinyar ya taɓa jinya a asibitin kutare na Babbar Ruga, ko na Danja ta wajen Maraɗi, shi ke nan, goro ya koma kasuwa.

Ran Lahadi, bayan kasuwar Jibiya ta tashi, ɗan ƙanwata mai karatun aikin lafiya ya tsokano zancen kuturtar a teburin mai shayi.

"Kawu, ba a gadonta fa. Ƙwayar cuta ce, wani likita Hansen ya gano ta a Norwe a 1873. Surukinsa Danielssen, shi ma babban likita, ya kafe kan gado ce, har ya yi wa kansa allurar abin da ya ɗebo a jikin majinyata, bai kamu ba."

Na ce ashe Turawa ma suna da gwaggo.

Ya ce ai gwaggon ba ta faɗi warwas ba. Cikin mutum 100, wajen 95 ko ƙwayar ta shige su jikinsu zai murƙushe ta ba su ma sani ba. Sauran garkuwarsu ce ke da ɓaraka ta nan, ɓarakar kuwa takan bi jini. A 2004 an gano hakan cikin ƙwayoyin halittar wasu iyalai a Biyetnam da wasu mutane a Barazil. Haɗa da kwana ɗaki ɗaya da wanda bai fara magani ba, ana shaƙar numfashinsa shekara da shekaru, ga ta da laɓewa, takan yi shekara 5, wani lokaci 20, kafin tabo ya fito. Shi ya sa ake ganin biyu ko uku a gida guda.

Wani dattijo ya ajiye kofi. "To, yaro, kifi da nonon da ake cewa suna kawo ta fa?"

"Baba, ci abinka. Maganinta ma kyauta ne tun 1995, wata 6 ko 12 an rabu da ita."

Baba ya ce shi dai ba za a gwada a cikinsa ba.

Mai shayi ne ya tona mu. Ya ce duk tsoron jinin nan, auren zumunci ba a tura kowa bincike. In kuwa manemin yana da tirela biyu a hanyar Maraɗi, gwaggo takan dawo ta ce kunnenta ya yi nauyi kwanan nan.