An Daina Yin Irinta

Idan kamfani ya ga kayansa sun ƙi kasuwa, ko asara ta kai masa iya wuya, sai ya fitar da 'yar sanarwa mai ladabi cewa daga wata kaza ya daina ƙera abu kaza. A hankalce, wanda ya riga ya saya shi ya kamata a je a jajanta wa, tunda an bar masa maraya a hannu. To amma ɗan Adam ba kullum yake tafiya a hankalce ba. Ranar da sanarwar ta fito, ranar mai kayan yake samun ƙarin girma. Jiya yana tsine wa abin, yau yana goge shi da gefen riga yana cewa, "Ka ga wannan? Ko da kuɗinka ba ka samu."

Gwanayen wannan hali a zamanin nan su ne masu wata 'yar na'ura a Amurka da Kanada da Turai, wadda ake turara busasshen ganye da ita. Ba ta wuce a damƙe ta a hannu a jefa aljihu ba. Ana niƙa ganyen, a zuba a wani ɗan gurbi, a danna maɓalli, batir ya gasa shi zuwa digiri 180 ko 200 da 'yan kai a ma'aunin Salshiyas, wato zafin da zai fitar da tururi ba tare da ganyen ya kama da wuta ba. Sai mai ita ya zuƙi tururi maimakon hayaƙi. Wane ganye? Shekara da shekaru masu sayarwa suna rubutawa a jikin kwali cewa don ƙamshi aka yi ta, har su ambaci na'a-na'a da ganyayen shayi. Babu dai mai hankalin da zai zube dala ɗari uku don ya shaƙi na'a-na'a. Wiwi ce. Kanada ta halatta ta a Oktoban 2018, Jamus ta sassauta dokarta a Afrilun 2024, jihohin Amurka da dama ma sun buɗe ƙofa. A nan gida kuwa, duk wanda ya ce bari ya gwada, jami'an NDLEA za su zaunar da shi a ofishinsu su yi masa bayanin bambancin tururi da hayaƙi a tsanake. Ni ba ganyen ne gabana ba yau, masu na'urar nake kallo.

Babbar yayar waɗannan na'urori ita ce Volcano, wadda wani Bajamushe mai suna Markus Storz ya fito da ita a shekarar 2000. Ita a kan tebur ake girke ta, tana hura tururi cikin leda. Ta aljihu ta yi tashe ne daga 2012, da wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar Stanford biyu, James Monsees da Adam Bowen, suka fitar da Pax. Kamfanin Storz & Bickel na garin Tuttlingen ya kawo Crafty da Mighty a 2014, kuma harkar ta yi maiƙon da wani kamfanin Kanada, Canopy Growth, ya saye shi a ƙarshen 2018 kan kusan yuro miliyan 145. Da aka ji ƙamshin kuɗi, duk mai ɗan gareji a bayan gida ya ƙera tasa: wannan ta katako, wancan ta ƙarfe mai siffar biro, wani ta gilashi. Wasu ma tun kafin su ƙera komai suka karɓi kuɗin jama'a ta intanet. Da yawansu ba su yi nisan kwana ba suka rufe shago.

A nan wasan yake farawa. Muddin kamfanin yana da rai, mai na'urar ba shi da aiki sai ƙorafi. Murfi ba ya rufuwa daidai. Batir yana mutuwa ana tsakiyar sha'ani. Bakin zuƙar yana ƙona leɓe. An mayar gyara, ta yi wata biyu a can, ta dawo da sabon ciwo. Da zarar an ce kamfani ya rasu, sai a shimfiɗa tabarmar makoki, kuma ka san mamaci ba a faɗar aibinsa. Ƙona leɓen nan ya koma ƙarfi. Jinkirin ɗumama ya koma natsuwa, wai ita ba ta garaje irin na 'yan yanzu. Murfin da ba ya rufuwa kuwa, ai sai wanda ya san hannunta. Masu irinta su taru suna yi wa juna gaisuwa, kowa yana ba da labarin ranar da ya fara buɗe kwalinta, wanda bai taɓa mallakarta ba kuma ya yi shiru a gefe, don ba shi da gado a gidan.

Bayan makoki sai wawaso. Mutum ya bi shaguna yana kwashe duk abin da ya rage: zoben roba, 'yar rariyar ƙarfe, bakin zuƙa, caja. Zoben da ɗaya kan yi masa shekara, sai ya sayi hamsin. Daga nan ya nemo na'ura ta biyu, ta ko-ta-kwana. Sai ta uku, wadda za a riƙa yanka ana ciro wa sauran kayan ciki. Da ya kammala tara su, sai tsoro ya kama shi: in ya ci gaba da amfani da ta farkon, ai za ta lalace. Saboda haka ya naɗe su ukun a tsumma ya kulle a durowa, ya je ya sayo wata sabuwa mai araha wadda kamfaninta ke raye. Da ita yake harkarsa kullum, kuma ita yake zagi kullum, yana cewa ko kusa ba ta kama ƙafar waccan ba.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne batir ba ya jin lallashi. Batirin litiyam yana tsufa ko ana amfani da shi ko yana kwance, kuma bayan an yi masa caji 'yan ɗaruruwa ƙarfinsa yakan fara ja da baya. In an bar shi ya daɗe babu caji ko kaɗan, yana iya ƙin tashi ƙememe. Wannan ya raba marayun gida biyu. Akwai masu na'urar da ake zare mata batir, irin wanda ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon 65, wanda ake samu a kasuwa ko'ina. Su ne masu hannu da shuni. Akwai kuma waɗanda aka liƙe musu batir a ciki, waɗanda sai sun nemo ɗan sukurudireba da ƙarfen narka dalma sun yi wa abin tiyata da kansu a kan teburin cin abinci. Na farkon suna kallon na biyun da tausayi mai haɗe da jin daɗi.

Ga kuma takardar garanti. Wasu daga cikin ƙananan kamfanonin nan sun yi alkawarin gyara kyauta har abada, aka yi ta yaba musu. Takardar tana nan cikin kwali, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Wanda za a kai wa ita ne babu.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne batun manhaja. An yi yayin na'urorin da sai da waya ake daidaita musu zafi yadda ake so, don a nuna an ci gaba. A 2019 wata cutar huhu ta ɓulla a Amurka, ta kwantar da dubban mutane a asibiti, bincike ya fi ɗora laifin a kan wani sinadari da ake gaurayawa a man wiwi na bayan fage. Masu busasshen ganye ba su da hannu a ciki, amma wake ɗaya kan ɓata gari. A watan Nuwamban shekarar kamfanin Apple ya share manhajoji 181 masu alaƙa da zuƙe-zuƙen nan daga rumbunsa. Wanda ya riga ya sauke tasa an bar masa, sai dai manhajar da babu mai sabunta ta, wata rana sabuwar waya za ta ce ba ta san ta ba. Don haka sai ka tarar da magidanci, mai mata da 'ya'ya, yana ajiye da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi wadda ba ta kira ba ta amsawa, yana yi mata caji a kan kari, ya hana kowa taɓa ta. Aikinta ɗaya a duniya: ta gaya wa wata na'urar da aka daina yi cewa ta ƙara zafi digiri biyar.

Kada mai karatu ya cika ƙyaƙyatawa, domin in an cire ganyen, ciwon har gidanmu ya shigo. Mu tamu 'yar lelen tana da taya huɗu. An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968, masana'antar haɗa motoci ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma bayan Turai ta bar wannan mota a baya, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Da wuya ka zaga tsohuwar unguwa ba ka ga Fijo ɗaya a ƙarƙashin rumfa ba, an dafa mata dutse a bayan taya. Mai ita ba ya cewa ta lalace. Cewa yake tana hutawa.

"Alhaji, wallahi kabiretar nan ta gama aiki," in ji bakanike, yana share hannu da tsumma.

"Kai ɗan nan, shekararka nawa? Motar nan ta je Maiduguri ta dawo ba a buɗe mata baki ba, lokacin ko auren uwarka ba a yi ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma ko an samu wata, ta gwanjo ce, ita ma ciro ta aka yi daga wadda ta mutu."

"To da tsohuwar zuma ake magani. Ka shiga Panteka, in babu ka wuce Ƙofar Ruwa."

Yaran gidan su suka san gaskiyar lamarin, don su ke turi da sassafe kafin su tafi makaranta, Alhaji yana ciki riƙe da sitiyari yana ba da umarni ta taga.

Sai dai a yi wa Alhaji adalci, ya fi mai na'urar tururi hujja. Fijo ƙarfe ce da waya da roba. Abin da ya karye ana iya ƙera shi ko a yi masa walda, kuma bakaniken bakin titi yana gane ciwonta da kunne. Kayan zamani kuwa ransu yana hannun kamfani. Masu BlackBerry sun gani: ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya janye tallafin tsofaffin wayoyinsa, waya tana hannunka lafiya lau, madannanta ko ɗaya bai cire ba, amma an zare mata rai daga Kanada. Wanda a da sai an roƙe shi yake ba da lambar PIN ɗinsa, ya koma yana haska makulli da wayar in an ɗauke wuta.

Ko da hujja ko babu, ina zargin ba ingancin ake so ba. An gwada an gani. Nokia 3310 ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 120, kuma bayan an daina yin ta babu irin kirarin da ba ta sha ba: ta faɗo daga bene ba ta fashe ba, cajinta sai an manta inda aka ajiye caja. A 2017 kamfanin HMD Global ya ji kukan jama'a ya dawo da ita, aka baje ta a Barcelona, da allo mai launi da kyamara har da wasan macijin nan, kan yuro 49. Masu kukan suka juya ta gaba da baya, suka taɓe baki, suka ce ai ba ita ba ce, wannan ba ta da nauyi. Da ta dawo kowa yana iya saye, kuma abin da kowa ke iya saye ba a yin tinƙaho da shi a majalisa.

Ranar da talauci ko matar gida ta tilasta a sayar, nan ake ganin farashi biyu. Mai na'urar tururi yakan sa kuɗin da ya ninka na sabuwa, ya ƙara da cewa ba don dole ba da ba zai rabu da ita ba. Mai saye ɗaya ne tak a duniya, wato wani maraya irinsa, shi ma kayan cikinta yake so, kuma tayin da zai yi ko kuɗin cajar bai kai ba. Sai a yi zuciya a mayar da ita durowa.

A gidan Alhaji kuwa, Hajiya ce ta gaji da ganin rumfa a toshe, ta sa aka kira ɗan gwangwan ranar da mai gidan ya tafi ɗaurin aure. Yaron bai tambayi shekarar da aka haɗa ta ba, bai tambayi sau nawa ta je Maiduguri ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ya ga ko lagireton na jan ƙarfe ne, ya faɗi kuɗin kilo. Har an kusa sallamawa ya buɗe ƙofar baya, sai ga kazar Hajiya a kan kujera ta baje fukafukai, tana kwanci a kan ƙwai.

"A'a, rufe mata, rufe mata!" in ji Hajiya. "Ka ga, ɗan nan, je ka ka dawo bayan sati uku. Kuma in ka zo ka fara tambaya ko wata ba ta hau ba."