Maigadin da ba ya magana da masu gardamar da ba sa shiru

Masu gardama! Ku gyara zama, yau da ku nake. Na san da jin an haɗa makaho da kwamfuta wasunku sun fara taɓe baki, ana cewa wannan kuma wace sabuwar tatsuniya ce. To malam, ta tsufa. Tun 1995 manhajar JAWS take karanta wa makafi abin da ke kan allon Windows, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Ted Henter, makaho ne, hatsarin mota ya raba shi da idanunsa. A 2006 wani matashi makaho a Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta NVDA, James Teh ya kama masa, shi ma makaho, suka sake ta kyauta. Su suna rubuta manhaja, kai da idanunka biyu garau har yau ɗan autanka ke nemo maka inda hoton biki ya shige a waya.

Rigimar da ta tara mu ta soma ne da Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007 da wani maigadi da ake kira UAC. Aikinsa ɗaya ne. Duk manhajar da ta nemi taɓa cikin kwamfuta, sai ya tsayar da ita ya tambayi mai kaya ko ya yarda. Kuma ba a tsakar gida yake tambayar ba. Sai ya dusashe allon, ya kai tambayar wani keɓaɓɓen fage inda manhajojin yau da kullum ba sa iya leƙawa balle su danna wani abu. Dalili kuwa mai kyau ne, don kada muguwar manhaja ta danna "Na yarda" a madadinka. Sai dai manhajar karanta allo ita ma manhaja ce, in ba a yi mata tanadi ba, a waje za a bar ta.

Ku dubi yadda abin ke kasancewa. Ma'aikaci makaho yana zaune da iyafis a kunne, murya tana zuba masa bayani da saurin da kai ba za ka tsinci kalma uku a ciki ba. Ya sauko da wata manhaja, ya danna Enter. Sai ya ji ƙararrawa sau ɗaya, daga nan tsit. Ya danna kibiya, shiru. Ya danna Tab, shiru. Na kusa da shi yana ganin akwati ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, da sunan manhajar, da sunan kamfanin da ya yi ta ko gargaɗin cewa ba a san mai ita ba. Shi kuwa yana lissafi ko batir ne ya mutu, ko muryar ce ta sume. Gogaggu sun haddace cewa Alt da Y na nufin amincewa, sai su danna da ka. Amma ai sanin wanda ke neman izinin shi ne amfanin tambayar. Wanda ya amsa tambayar da bai ji ba, an tsare shi ko an yi masa wasa da hankali?

Na hango Alhaji a kujerar gaba yana ɗaga hannu: "Abu mai sauƙi, ya kira mai ido ya duba masa." Ranka ya daɗe, kai ne fa ko uwargida ba ta san lambar katin bankinka ba. Wani lokaci maigadin nan kalmar sirrin mai kula da kwamfutar yake nema. Wa za a kira ya tsaya a kai ana rubuta ta? Da ƙarfe biyun dare, ana gobe jarrabawa, wa za a tasa? Mutum ya yi karatu, ya samu aiki, ya sayi na'urarsa da guminsa, sannan ka ce sai ya nemi ɗan jagora kafin ya danna maɓalli ɗaya.

Hajiya kuma ta fi Alhaji tausayi, ta ce a sallami maigadin kawai kowa ya huta. Hajiya, Allah ya bar zumunci, amma wannan tausayin kashe mutum yake yi. Gaskiya ne tun Windows 7 akwai matakai huɗu da za a iya zaɓa, har da wanda ke hana allon dusashewa da wanda ke kashe tambayar gaba ɗaya. To 'yan kutse ba su taɓa cewa sun ɗauke wa makafi ba. In kin cire masa tsaro, kin bar shi shi kaɗai ƙofa a buɗe alhali ta kowa a kulle.

Saura ɗan boko na can baya, mai gyaran kwamfuta, da ya harɗe hannuwa yana murmushi: "Duk ƙofar da aka buɗe wa mai karatu, ɓarawo ma zai bi." Kai kam ka faɗi magana. An daɗe da sanin dabarar nan ta musanya fayil ɗin sethc.exe, wanda ke tashi in an danna Shift sau biyar a shafin shiga, a mai da shi hanyar ƙwace kwamfuta. A Android ma manhajojin satar kuɗi sun sha fakewa da izinin da aka tanada don naƙasassu, har Android 13 ta ƙara matse wannan izini a 2022 ga manhajojin da aka sauko da su daga gefe.

Sai dai ka tsaya a rabin karatu. An yi wa abin hanya, kuma tana aiki. Windows ba ta ba manhajar karanta allo matsayin amintacciya sai tana ɗauke da sa hannun masu ita, kuma an girke ta a amintaccen wuri irin Program Files. In tambayar ta taso, ana tayar da wani kwafin manhajar a can cikin fagen tsaron, hannunsa a ɗaure: NVDA a nan tana karatu, amma ba ta yarda a adana sabon saiti ko a buɗe kayan aikin masu rubuta manhaja. Shi ya sa wanda ya zo da NVDA a filashi ya soka a kwamfutar ofis zai ji komai, amma ban da wannan tambaya. Abin dariyar ma, girka ta ɗin kansa sai ya bi ta hannun maigadin. A nan Narrator, wadda ke zuwa da Windows, take fitar da mutum kunya, don ita tana karanta akwatin.

Ke nan sauran aikin na hannun irinku ne, masu riƙe da kwamfutocin ofisoshi da makarantu. A girka manhajar sosai. A kunna ta a shafin shiga. A shiga saitin NVDA a danna maɓallin da ke kwafe muryar da saurin da mutum ya saba da su zuwa shafukan tsaro, kada ya tarar da wata baƙuwar murya tana jan magana. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle ranar da sabon ma'aikaci ya kama aiki. Najeriya ma tun 2019 take da dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, in har sai an tuna muku.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ga fili. Ka danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter, Narrator za ta yi maka sallama. Ka rufa wa allon hula ko gyale, ka girka manhaja ɗaya tal. Sannan ka kashe muryar ka sake gwadawa. Sharaɗi ɗaya ne, Alhaji: ban da ƙwala wa ɗan auta kira.