Yadda Ake Zama Lauyan Harvard Ba Tare da An Zauce Ba

Duk wanda ya ƙuduri aniyar karatun lauya a Harvard, abu biyu zai fara tanada: haƙuri da mai ba da bashi. Makarantar tana garin Kambirij a jihar Massachusetts ta Amurka tun 1817, kuma ba a san ta da araha ba. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara. Idan aka haɗa da ɗaki da abinci da littattafai da inshorar lafiya, lissafi ya zarce dala 100,000, ga shi kuma shekara uku ake yi. Mai hawan jini kada ya juya kuɗin nan zuwa naira yana shi kaɗai a ɗaki.

A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare. Sai da digiri na farko a hannu, ko da na kiɗa ne. Daga nan galibi sai jarrabawar LSAT, wadda makinta ke farawa daga 120 ya tuƙe a 180, kuma yawancin waɗanda Harvard ke ɗauka sun haura 170. Ana kuma son takardar bayanin kai. A cikinta mai nema ya rantse cewa burinsa share wa talaka hawaye. Ya ajiye kwafi a ƙasan akwati, don zai so abin dariya nan da shekara uku.

Kowace shekara ana ɗaukar ɗalibai wajen 560, a kasa su gida bakwai, kowane aji mutum tamanin. Kusan kowannensu zakara ne a inda ya fito, to sai ga zakaru tamanin a akurki ɗaya. Dabarar koyarwar kuwa gadon Christopher Langdell ce, wanda ya zama shugaban makarantar a 1870. Malami ba ya tsayawa ya zayyana doka a kwafa. Hukunce-hukuncen kotu ake bai wa ɗalibi ya kwana a kansu, da safe a kira sunansa ba zato ba tsammani, a yi ta yi masa tambayar ƙure har sai ya ƙaryata abin da ya faɗa da bakinsa minti biyar da suka wuce. Zama a bayan aji ba ya ceto, sunkuyar da kai ma haka. Maganin kalma biyu ne: "Ya danganta." Ɗalibi ya furta su a nutse, yana shafa haɓa. Wasu na ganin kusan duk kuɗin da aka biya na koyon kalmomin nan ne.

Ɗalibi ya kuma shirya saduwa da hannu mai gashi. Shari'ar Hawkins da McGee ke nan, ta 1929 a jihar New Hampshire, wadda masu karatun dokar kwangila ke cin karo da ita tun da wuri. Wayar lantarki ce ta ƙona tafin hannun wani saurayi, likita ya yi alkawarin mayar da hannun garau, ya yanko fata daga ƙirjin yaron ya liƙa. Sai tafin hannu ya tsiro da gashi. Kotu ta ce a auna diyya da tazarar da ke tsakanin hannun da aka yi alkawari da hannun da aka samu. Ɗalibi mai wayo ba ya cewa "Allah sarki" a aji. Tambayar da ake jira ita ce nawa.

Idan shugaban makaranta ya gayyace shi cin abinci, ya tafi da amsa a aljihu. A 1956 mata tara ne kacal a cikin sababbin ɗalibai sama da 500, kuma shugaban lokacin, Erwin Griswold, ya tara su a gidansa ya tambayi kowacce dalilinta na tare gurbin namiji. Ɗaya daga cikinsu, Ruth Bader Ginsburg, ta ƙarasa karatunta a Columbia, ta kuma yi shekara 27 tana alƙalanci a Kotun Ƙolin Amurka.

Mai dogon buri ya nemi shiga mujallar shari'a ta ɗalibai, inda ake raba dare ana gyara waƙafi a rubutun farfesoshi. Barack Obama ya zama baƙar fata na farko da ya shugabance ta a 1990. Sai dai shi da kansa ya faɗa cewa shi da matarsa ba su gama biyan bashin karatu ba sai wajen 2004. A nan ne takardar ƙasan akwati ke shan kunya: a 2024 manyan kamfanonin lauyoyi na New York suna biyan sabon shiga dala 225,000 a shekara, talaka kuwa da addu'a yake biya.

Bayan kammalawa, ladabin gidan shi ne kada a ambaci sunan makarantar da wuri. Sai a ce an yi karatu "can wajen Boston", a yi shiru, a jira a tambaya.

Digirin dai bai mayar da kowa lauya ba tukuna, sai an ci jarrabawar lasisi ta jiha. Michelle Obama, da ta gama Harvard a 1988, sai a zama na biyu ta haye ta Illinois. Ɗan Najeriyar da ya dawo gida da takardarsa kuwa, ba zai tsaya gaban alƙali ba sai ya bi ta Makarantar Horar da Lauyoyi, ya fara da darasin dokokin ƙasa da ake yi wa masu digirin waje, sannan ya zauna jarrabawa ɗaya da 'yan Zariya da 'yan Bayero. In ya ci, a ɗora masa hular gashi da baƙar riga, ya shiga kotu da su ko a zafin watan Afrilu.