Boka ya zama injin jirgi

A 1989 kamfanin TSR na Amurka ya sa ma'aikacinsa Jeff Grubb ya fitar da 'yan wasan Dungeons & Dragons daga kogon dodanni ya kai su sararin samaniya. Sunan abin Spelljammer. Jirgin da ake tafiya da shi na katako ne, irin na teku, babu ko murfi.

To, numfashi fa? Dokar wasan ta ce kowane jirgi yana tafe da iskarsa a jikinsa, sai bayan watanni take gurɓata. Shi ke nan, an sallami masana kimiyya. Wanda ya faɗo daga jirgi kuwa ba ya ɓacewa nan take, lilo zai yi ta yi a gefe, sama da ƙasa, har a miƙo masa igiya.

Boka ne abin tausayi. Ya sha wuya ya haddace tsafinsa, sai a ɗora shi kan wata kujera da ke zuƙe tsafin kaf don jirgi ya motsa. 'Yan fashi na dirowa, gogan naka na zaune, ko ƙuda ba zai iya kora da siddabaru ba. Masu gadinsa kuma sojojin haya ne masu kan dorina, waɗanda babu abin da suke ƙauna kamar albarushi. A jirgin katako.